Waken soya ma hali gare shi: akwai mai halin dawa, akwai mai halin kuɓewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni dai manomi ne da damina, ɗan tireda da rani, ina zaune a Garwa nan arewacin Kamaru amma gonata tana can hanyar Ngong, jaridarku kuwa a waya nake karanta ta duk ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ga dama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko in ce na ɗauki waya, rubutun nan ne da kuka yi kwanakin baya a kan noman waken soya. Rubutu ya yi ba laifi, an faɗi taki an faɗi lokacin shuka an faɗi kasuwa, amma akwai abu guda da aka tsallake kuma ba ku kaɗai ba ne wallahi, mai sayar da iri tsallake shi yake, malamin gona ma haka, masu shirin noma a rediyo ma haka. Kowa kwana yake ƙirgawa, wannan ɗan kwana 90 ne, wancan ɗan kwana 110, wancan sai ya kai 120. To kwana dai mun ji. Amma yadda karan waken yake girma fa, zai tsaya ne in ya fara huda ko zai ci gaba da miƙewa? Ban taɓa jin wanda ya tambaya ba, ni kaina ban san tambaya ba ce sai da ta ci ni.

Bari in ba ku labarin yadda ta ci ni. Bara waccan na yi latti, auduga ta riƙe ni masara ta riƙe ni, sai wajen ƙarshen watan Yuli na waiwayi kar biyu da na ware wa waken soya (kar a nan wajenmu kwatan hekta ne, saboda masu karatu na Najeriya). Irin da na ajiye ya mutu, dama shi waken soya ba ya son ajiya a ɗaki mai zafi, na gwada tsirar da shi a tsumma mai laima ko rabi bai fito ba. Ranar Lahadi na hau moto, wato babur, na tafi kasuwar Pitowa na samu wani bawan Allah da buhu a gabansa, na ce Alhaji wane iri ne, ya ce mai kyau ne ɗan wuri ne. Na ce sunansa fa? Ya ce sunansa waken soya mana. Muka yi dariya na auna na biya na taho. Da igiyar da nake ja wa auduga layi da ita na ja masa, wato santimita 80 tsakanin layi da layi, don ita ce a rataye a bukka.

Ya fito lafiya lau, aka yi noman farko aka yi maimai, sai wajen kwana 35 zuwa 40 huda ta fara. Daga nan ne gona ta rabu biyu ina ji ina gani. Wasu suka tsaya cak ko gwiwa ba su kai ba, kamar an ce musu kada wanda ya motsa, wasu kuma a layi ɗaya rami kusa da rami suna ta tafiya sama suna fitar da sabon ganye. Gona ta koma kamar kan da wanzami biyu suka yi wa aski. Tsakanin layukan kuma fili fetal rana na dukan ƙasa ciyawa na murna, sai da na sake biyan 'yan ƙwadago karo na uku. Na zagi taki, na zagi ƙasa, har na fara zargin ko wani ne ya yi min baki, Allah ya yafe min.

Ɗan ƙanwata da ya yi karatun gona a Marwa shi ya zo ya warware min. Ya shigo gonar da takalminsa na 'yan birni ya tsuguna a gaban gajere ɗaya ya buɗe ganyen saman da yatsa ya ce, Kawu zo ka gani. Na duƙa. A can ƙololuwar karan babu toho ko ɗaya, sai gungun ƙananan kwanso sun taru wuri guda kamar tukkun yaro, karan kuma kaurinsa a sama kusan ɗaya da na tsakiya sai ka ce an datse shi, ganyen sama faffaɗa kamar na ƙasa. Ya ce wannan ya gama, kansa ya zama fure, ba shi da sauran inda zai fitar da gaɓa, in ka ga ya ƙara wani abu to a rassa ne. Sai ya ja ni wajen dogon. Shi kuma can ƙasa kwanso har sun fara ciki, tsakiya fure ne, sama kuma toho ne sabo fil yana naɗe, kara yana sirancewa yana sirancewa kamar bulala, ganyen sama ƙanana. Ya ce Kawu ba taki ba ne ba ƙasa ba ce ba kuma bakin kowa ba, iri biyu ne ko ma uku aka haɗa maka a buhu ɗaya.

Ya faɗi sunayensu da Faransanci ni kuma na ce masa kai dakata, wannan ai dawa ce da kuɓewa. Dawa in ta fitar da kai magana ta ƙare, ba ta ƙara ko taƙi ɗaya, duk ƙarfinta ya koma kan tsaba. Kuɓewa kuwa kana tsinka a ƙasa tana fure a sama tana ƙara tsawo har sai ruwa ya ɗauke. Ya yi dariya ya ce wallahi da haka aka koya mana a lakol, wato makaranta, da ba mu sha wahalar hadda ba. Tun daga ranar haka nake kiransu, mai halin dawa da mai halin kuɓewa, akwai kuma na tsakiya wanda yake ɗan ci gaba da girma bayan huda na ɗan lokaci sannan ya rufe kansa da gungun kwanso, shi ba dogo can ba ba kuma gajere ba. Kuma mu Hausawa abin bai kamata ya zama mana baƙo ba, a wakenmu na gida kowa ya san kanannado mai yaɗo daban ɗan wuri mai tsayuwa daban, ba wanda zai ba su tazara ɗaya. Amma da aka zo kan waken soya sai muka ɗauka duk ɗaya ne tunda tsabar duk ruwan ƙwai ce.

Ashe abin a jini yake, gado ne. Tun 1972 wani masani a Amurka, Bernard, ya nuna ƙwayoyin gado biyu ne suke riƙe da wannan hali, aka sa musu suna Dt1 da Dt2. Na farkon shi ne yake hana kan karan zama fure, wato in yana aiki kara zai yi ta miƙewa, in kuma ya lalace sai karan ya rufe da wuri ya zama mai halin dawa. Na biyun in yana nan tare da na farko sai ya riƙa taka masa birki, shi ne ake samun na tsakiya. Sai a 2010 aka gano ainihin inda na farkon yake a jikin waken, na biyun kuma a 2014. Kakan waken soya na daji da yake can ƙasar Sin da maƙwabtanta ma yaɗo yake yi yana nannaɗe abin da ya samu, mutane ne da zaɓen iri shekara da shekaru suka tsayar da shi da ƙafarsa. Na kawo wannan ne don wanda zai ce a zuba angire, wato takin zamani, gajeren zai miƙe, ba zai miƙe ba malam, in kan ya rufe ya rufe.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar tsawon yini. Waken soya yana auna dare, in dare ya kai wani tsawo sai ya ce lokacin huda ya yi, kuma da shi da taba aka fara gano wannan sirri na tsirrai a 1920, wasu masana biyu Garner da Allard. A arewacin Amurka yinin damina yana kai awa 15, kuma damina gajera ce sanyi na jira, shi ya sa can mai halin kuɓewa suka fi shukawa, ya fara huda da wuri yana yi yana girma. A kudancinsu kuma mai halin dawa aka daɗe ana shukawa, don can yana samun lokaci ya gina jiki sosai kafin ya rufe. To mu nan Garwa yininmu mafi tsawo a watan Yuni bai wuce awa 12 da minti 40 ba ko kusa da haka, daga nan kuma raguwa yake. Ma'ana a wajen waken soya kullum dare dogo ne a ƙasarmu, kullum ana ce masa yi sauri. In ka ɗauko irin ƙasar sanyi ka shuka a nan zai yi huda tun yana jariri, in kuma mai halin dawa ne shi ke nan ya tsaya a tsugune. Barazil ma sun sha wannan matsalar kafin masanansu su samo irin da yake jinkirta huda ko da yini gajere ne, da shi suka shiga yankunansu masu zafi, yau ga su su ne kan gaba a duniya wajen noman waken soya, kuma daga baya manomansu da yawa sun koma mai halin kuɓewa. Irin TGx ɗin nan da muke ji, TGx 1448-2E da TGx 1835-10E da sauransu, daga IITA, cibiyar binciken noma ta Ibadan, suka fito, kuma don ƙasashenmu masu zafi aka yi su, na farkon mai matsakaicin kwana ne kwansonsa ba ya saurin fashewa, na biyun ɗan wuri ne mai jure cutar tsatsar ganye.

Saboda haka kada wani ya fahimce ni a karkace, ba cewa nake mai halin dawa gajere ne kullum ko mara kyau ne ba. In irin mai jinkirin huda ne kuma ka shuka shi a kan lokaci cikin Yuni ko farkon Yuli, zai gina gaɓoɓinsa ya yi rassa ya kai maka cinya ko ƙugu kafin ya rufe, kuma ya tsaya da ƙafarsa gam. Laifina ni shi ne na haɗa masa abu uku, ɗan wuri ne, na shuka a latti yini ya fara raguwa, sannan na ba shi layin auduga. Wanda ya tsaya da girma a kwana 40 yaushe zai rufe santimita 80? Ai ko littafin da IITA ta yi wa manoma cewa ya yi ɗan wuri a matse shi, santimita 50 tsakanin layi, 5 zuwa 10 tsakanin tsiro, mai daɗewa ne ake buɗa wa har 75, iri kuma kilo 50 zuwa 70 a hekta. Tunda kowane ɗaya gaɓoɓinsa ƙidayayyu ne to yawan tsiro ne zai cike maka gurbi. Ni kuwa na yi tsumulmular iri ina ganin dabara na yi.

Shi ma mai halin kuɓewa yana da nasa. Maƙwabcina na gona, dattijo ne muna ce masa Baba, gonarsa tana gangare wajen da ƙasa take baƙa mai danshi, ga ragowar takin auduga na bara a ciki, ya kuma ƙara masa ure, wato takin yuriya, don yana son ya burge. Kai Edita da ka ga gonar nan a watan Agusta sai ka ce a ɗauke ta hoto a sa a kalanda, kore shar har ƙirji. Ranar da aka yi wani ruwa da iska a Satumba da safe muka tarar duk ta kwanta kamar an shimfiɗa tabarma, na ƙasa ba ya ganin rana, ganye ya ruɓe, kwanson da ya taɓa ƙasa ya yi baƙi, ɓeraye suka samu gida. Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, yaro ganye na noma bana. Waken da dama ba ya jin a tsaya, ka je ka ƙara masa ure, alhali shi da kansa yake haɗa nasa a saiwa, in ka tuge ɗaya ka ga ƙurajen nan ka fasa ka ga cikinsu ja-ja to aiki suke. Takin da yake so mai sinadarin fosfo ne ba na ganye ba.

Amma in an zo maganar fari na tsakiyar damina to nan mai halin kuɓewa ya fi haƙuri, kuma wannan na gani da idona. Waken soya dama fiye da rabin furensa zubewa yake ko lafiya lau ake. Mai halin dawa hudarsa kusan a tare take zuwa cikin ɗan lokaci, in ruwa ya ɗauke kwana goma daidai wannan lokacin to ka shiga uku don ba wani fure mai yawa a baya. Shi kuwa ɗayan yana ɗaukar sati uku zuwa biyar yana huda, in na ƙasa ya zube na sama zai kama in ruwa ya dawo. Mutanen wajen Gidar da Marwa da 'yan'uwanmu na Chadi inda ruwa yake wasa da hankalin mutum ya kamata a ce sun san wannan kafin su auna iri, mutanen Tuboro da ruwa ya fi yawa kuma su kwanciya ce abin tsoronsu.

Girbi kuwa kada ma a tuna min. Gajerun sun riga bushewa, dogayen kuma da sauransu don dama ba kwanansu ɗaya ba, na ce bari in jira su haɗu in yanka gaba ɗaya. Iskar hunturu ta fara busowa, da azahar in ka tsaya a gonar shiru sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kwanso na fashewa tsaba na tsalle, kurciyoyi da zabin Fulanin da ke kusa kuwa kamar an aika musu goron gayyata. Uwargida da yara suka wuni a duƙe da kwano suna tsince ɗaya-ɗaya, ta ɗago ta ce min Malam wannan noma ne ko tsintar tsakuwa a shinkafa. Ga shi gajerun kwansonsu na farko yana dab da ƙasa, lauje ba ya shiga ƙarƙashinsa, ko ka bar shi a gona ko ka tuge da saiwa ka kwaso ƙasa ka kai kan bash, wato tampol, wajen bugu ƙasa ta shiga tsaba, mai awarar da take saye a wajena ta ce sai na rage mata don sai ta wanke sau uku. Ka'ida dai in kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na kwanso sun bushe a yanka, to a gonar da rabi ya bushe tun sati biyu rabi kuma ɗanye ne wane lissafi za ka yi.

Ban ce bawan Allah na kasuwa ya cuce ni da gangan ba, shi ma tara-tara ya yi, koro, wato kwanon awo, biyu daga wannan ƙauye koro uku daga wancan ya juye a buhu, na ci ne ba na shuka ba, ni na je na mai da shi iri. Amma ko wanda ake ƙullawa a leda da suna a jiki, duba ka gani, suna ne da kwana, wani lokaci da yawan abin da zai bayar a hekta don a ja hankalinka. Mene ne wahalar a ƙara layi ɗaya a ce wannan yana tsayawa in ya yi huda, matse shi kuma kada ka yi latti, wannan kuma yana ci gaba, kada ka kai shi ƙasa mai ƙarfi ka cika masa taki? Masana na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, da suke gwajin iri a nan Garwa da Marwa sun san halin kowane ɗaya, a takardunsu yana nan, roƙona shi ne maganar ta fito daga takarda ta zo bakin shef de zon, wato malamin gona na yanki, da shugabannin jik-jik ɗinmu, wato ƙungiyoyin manoma, da Fulatanci da Hausa yadda tsoho zai gane. Ku ma 'yan jarida dan Allah in kun sake zuwa hira da malamin gona ku tambaye shi wannan, ku sa hoton kan karan guda biyu gefe da gefe, gani ya kori ji, wallahi wanda ya gani sau ɗaya ba zai sake ruɗewa ba.

Wani abin daɗi da yaron nan ya gaya min shi ne waken soya da kansa yake yi wa kansa barbara tun furen bai gama buɗewa ba, ba kamar masara ba da iska take kwaso na maƙwabci, saboda haka in ka ware iri mai tsabta zai zauna da halinsa shekara da shekaru, cakuɗuwa a wajen bugu da buhu da kasuwa take faruwa. Da na ji haka bara sai na yi aikin da ya kamata in yi tun farko. Lokacin huda na bi layi da tsummoki, ja a jikin masu rufe kai, fari a jikin masu miƙewa, na kuma duba launin fure don wani shuɗi-shuɗi ne wani fari, da gashin jikin kwanso wani toka-toka wani ruwan ƙasa, wanda ya saɓa na tuge shi. Yara suna ta dariya wai babansu yana ɗaura wa wake ɗankwali. Na yanka su daban na buga daban a bash daban, na zuba a jarka biyu na rubuta dawa a ɗaya kuɓewa a ɗaya na ajiye a ɗakin da ya fi sanyi.

Bana in Allah ya kai mu kar ɗaya na tudu mai halin dawa zan zuba masa a santimita 50 kafin Yuni ya fita, na riga na yanka sabuwar igiya na ƙulla mata alama don kada hannu ya sake kai wa ta auduga, ɗayan kuma mai halin kuɓewa a ɗan buɗe ba ure ko cokali. Baba ya ce in ba shi koro biyu na gajeren ya gwada a gangarensa, na ce sai dai musaya da irin kuɓewarsa ta gaske wadda matarsa take ɓoyewa. Duk wanda hanya ta biyo da shi ta Ngong a watan Satumba ya tsaya ya tambayi gonar mai ɗaura wa wake ɗankwali, za a nuna masa.

A gaida ma'aikata baki ɗaya, a kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙa.

Naku,
Wani manomi daga unguwar Hausare, Garwa, Kamaru